Yadda Ake Auna Kujerar Falo Kafin A Ba Kafinta Aiki

Yawancinmu idan za mu yi kujerun falo, na gida ko na kayan ɗakin amarya, yadi da kwalliyar hannu muke fara dubawa. Sai an kawo su an zauna, a ji ƙafa na reto, baya na ciwo, a ɗora wa soso laifi, alhali awon ne bai yi daidai da jiki ba. Nemi tef irin na tela. Da inci zan yi lissafi, tunda da shi kafintocinmu suke aiki. Inci 1 santimita 2.54 ne.

Fara da auna kanka. Zauna a kan benci, tafin ƙafarka a ƙasa, a gwada daga ƙasa zuwa bayan gwiwa. Tsayin mazaunin da ya dace da kai ke nan, kuma galibin kujeru suna tsakanin inci 17 da 19. Idan ya zarce, bakin kujera zai danne cinya har ƙafa ta sage. Idan ya yi ƙasa da yawa, tashi sai da dafa gwiwa. Gidan da ke da dattijo, a yi masa inci 19 ko 20 da soso mai tauri.

Sai zurfin mazauni, wanda a ganina shi ne ya fi kowane awo muhimmanci. Kana zaune a miƙe, a auna daga ƙarshen bayanka zuwa bayan gwiwa, a cire inci 2. Mai matsakaicin tsayi inci 21 ko 22 ya ishe shi, dogo kuwa yana son 23 zuwa 25. A kula, daga gaban matashin jingina ake fara wannan awo, ba daga katakon baya ba, domin matashi mai kauri yana cinye inci da dama. Idan a shago kake, jingina sosai ka sa yatsu tsakanin bakin kujera da bayan gwiwarka. Biyu ko uku su shiga. Idan ba su shiga ba, za ka riƙa zamowa gaba, ƙugu ba shi da madogara, daga nan ciwon baya yake farawa. Mai son naɗe ƙafa a kan kujera ko kishingiɗa ya zaɓi mai zurfi, amma ya tanadi ƙananan matasai saboda baƙi gajeru.

Hannun kujera ya ɗara mazauni da inci 7 zuwa 9, yadda kafaɗa za ta saki. Manyan hannuwan nan da ake yayi suna cin wuri: kujerar mutum uku mai inci 84, idan kowane hannu ya ɗauki 10, saura 64, kowa ya tashi da inci 21 da ɗoriya kaɗan. Babban mutum da babbar riga yana buƙatar 22 zuwa 24. Ka tambayi faɗin ciki, tsakanin hannu da hannu.

Kada ka yarda da awon kujerar da ba a zauna a kanta ba. Soso mai laushi yana lotsawa, sai inci 18 ya koma 16. Zauna minti 10, wani ya sake aunawa.

Daga nan ka koma falo. Zana girman kowace kujera a ƙasa da alli, ka bar inci 16 zuwa 18 tsakaninta da teburin tsakiya, da hanyar wucewa ta inci 30 aƙalla. Auna faɗin ƙofa da tsayinta, da kwanar zaure ko matattakala idan bene ne. Idan wurin ya matse, ka ce a yi ƙafafun da ake kwancewa.

Rubuta awon duka a takarda biyu, ɗaya ta kafinta, ɗaya taka. Ka je shagon da tef ɗinka ranar da aka gama haɗa katako, kafin a ja yadi, domin a lokacin ne gyara yake da sauƙi.