Darasi: Abin da Ke Sa Mutum Ya Kama Sabuwar Sana'a

Kowace shekara muna ganin sababbin fuskoki a kasuwar dabbobi, a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Balleyara. Wasu su zauna, wasu kafin damina biyu sun ɓace da jarinsu. To mi ke kawo su? Sanin wannan shi ne darasinmu na yau, don wanda bai san abin da ya shigo da shi kasuwa ba, bai san abin da zai fitar da shi ba.

Na farko, dole. Farin 1973 da na 1984 sun kashe garkuna da yawa a Nijar. Yunwar 1984 ma ita ce talakawa suka laƙaba wa suna El-Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, wadda ba a buɗe ba sai 1986. Makiyayan da suka rasa shanu wasu suka koma gadi a birane, wasu suka shigo kasuwa suna jan igiya, daga nan suka zama dillalai. Jarinsu shi ne ido: sun san lafiyayyar saniya tun daga nesa.

Na biyu, dama. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗin Faransa ɗaya ya tashi daga 50 zuwa 100. Kafin nan daskararren nama mai arha daga Turai ya danne shanun Sahel a kasuwannin bakin teku kamar Abijan. Bayan karyewar, naman waje ya yi tsada, dabbarmu ta yi sauƙi ga mai saye daga ƙetare. Mutane da dama a lokacin suka fara lodi. Amma ku lura, dama tana juyawa. An sake rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, haka kuma bayan juyin mulkin Yuli 2023, ga naira ta faɗi a wannan shekarar. Wanda ya sayi sa da sefa ya sayar da naira a Mai'aduwa ko Jibiya ya ga yadda riba ke narkewa a hannun ɗan canji.

Na uku, gado da maigida. Yaron da ya tashi yana rakiyar shanu, yana jin ciniki, yana ganin yadda ake karɓar la'ada, in ya kama nasa ba baƙo ba ne. Ɗan da ya gaji sana'a ya gaji abokan hulɗa da masauki a zango, kuma wannan ya fi kuɗi wuyar samu.

Na huɗu, samun jari. Wani kwasar adashi ce ta shigo da shi, wani gadon gona ya sayar, wani kuwa ƙirali ya samu: mai kuɗi ya ba da dukiya, shi ya ba da ƙarfinsa, su raba riba bisa kason da suka yanka tun farko, rabi ko sulusi. Malamai sun bayyana cewa in an yi hasara ba da sakaci ba, tana kan mai dukiya, shi mai aiki wahalarsa ce ta tafi. Ku riƙa kafa shaidu, ku rubuta. Bashi da ruwa kuwa, kowa ya san hukuncinsa.

Na biyar, kwaikwayo, kuma nan ne yawanci ake karyewa. Mutum ya ga maƙwabci ya turke raguna balami wata huɗu, ya sayar da layya ya sayi babur, sai shi ma ya ce bari in yi. Bai ƙirga dusa da harawa da kanwa da allura ba. Bai san cewa kwana biyu kafin salla, in raguna suka cika kasuwa, farashi na iya zubewa ba. Ganin kitse ake yi wa rogo.

Saboda haka duk wanda ya zo neman shawararku, ku tambaye shi abu uku. Shin ya san dabba da haƙorinta, ko da bakin dillali kawai zai saya? Ya lissafa kuɗin mota, haraji, takardar likitan dabbobi, ramar da sa ke yi a hanya, da bashin da mahautan kurmi ke riƙewa? In lodin farko ya faɗi, akwai hatsi a rumbu da iyali za su ci? In amsa ɗaya ta gagara, to ya fara da tunkiya biyu ko ya bi maigida shekara guda. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare dukiyar kowa. Amin.