Neman Abokan Barin Giya a Yankin Bakolori

Tun shekarar 2000 da Zamfara ta fara aiki da shari'ar Musulunci, shan giya laifi ne a jihar. Shi ya sa mashayi a Talata Mafara, Bakura ko Maradun yakan sha a ɓoye, ya kuma ji tsoron neman taimako.

Ganin likita ne farko. Wanda ya daɗe yana sha kullum, idan ya daina farat ɗaya, karkarwa da ruɗewa, har da farfaɗiya, suna iya kama shi cikin kwana biyu zuwa uku, wani lokaci har a rasa rai. Daga Babban Asibitin Talata Mafara ana iya tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato. A can, ko a ofishin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA na Gusau, ya tambaya ko masu murmurewa daga shan giya suna haɗuwa.

Ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda aka kafa a Amurka a 1935, tana taro kyauta ta intanet, ba a neman cikakken suna, sai dai galibi da Turanci ake yi. Inda hakan ya gagara, mutum biyu ko uku da suka daina sha suna iya haɗuwa duk mako, bisa sharaɗin riƙe sirrin juna.