Sabon Koci, Raga Na Shan Ƙwallo: Ta Ina Za a Fara Gyara?

Ƙungiyar da bara sai an yi da gaske kafin a taɓa ragarta, bana kowa ya zo sai ya zura mata biyu ko uku. Gola bai canza ba, fili shi ne na jiya. Tsohon koci ne kawai ya tafi aka kawo sabo. Daga Ɗan Barto har Matameye, duk fadar da aka zauna shan shayi bayan irin wannan wasa, hukunci biyu ake yankewa: ko a sallami sabon koci, ko a tara kuɗi a ɗauko ƴan baya daga Damagaram ko Daura. Sau da yawa duka biyun barin jaki ne ana dukan taiki.

Tsaron baya ya dogara ne kan sabo da fahimtar juna. Lamba huɗu ya san in ya fita tarar mutum, lamba biyar zai rufe bayansa. Lamba biyu ya san in ya hau gaba, lamba shida zai zauna a gurbinsa. Babu wanda ya rubuta musu wannan, atisaye ne ya dasa shi a jikinsu. Da sabon koci ya zo da nasa tsari, sai tsohon ya warware tun kafin sabon ya zauna. A wannan tsakanin ne ƙwallaye suke shiga.

Wanda yake zuwa gidan kallo ya ga haka ga Super Eagles. A gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024, José Peseiro ya koma tsarin ƴan baya uku na tsakiya. Wasa bakwai Najeriya ta buga, ƙwallo huɗu kacal aka zura mata, har ta yi wasa huɗu a jere ba a taɓa ragarta ba. Peseiro ya tafi a watan Maris, Finidi George ya karɓa. A wasanni huɗun da ya jagoranta an zura wa Najeriya shida, kuma babu wasa ko ɗaya da ta fita raga a bushe. Na ƙarshensu shi ne wanda Benin ta ci ta 2-1 a Abidjan ranar 10 ga Yuni, a hannun Gernot Rohr, wanda mutanen nan suka sani tun yana horar da Mena, ƙungiyar ƙasar Nijar, daga 2012 zuwa 2014. Abin da ya sami babbar ƙungiya mai likitoci da na'urori zai iya samun ta unguwa. Ga matakan gyara.

A rubuta yadda kowace ƙwallo ta shiga

A sayi ɗan littafi, a damƙa wa mutum ɗaya mai natsuwa wanda ba ya cikin masu ihu a bakin fili. Duk ƙwallon da ta shiga ya rubuta abu uku: a wane minti, ta wace hanya, kuma ina aka fara rasa ta. Hanyoyin ba su da yawa: doguwar ƙwallo ta bayan ƴan baya, bugun kwana ko na tazara, ƙwallon da aka ƙwace a gidanku, kurosin daga gefe, sai harin ba-zata bayan kun tafi gaba. In akwai mai waya mai kyau, ya hau katanga ko bayan mota ya ɗauki wasan. Daga sama ake ganin tazarar da ke tsakanin ƴan wasa, wadda mai tsaye a ƙasa ba ya gani.

Bayan wasa biyar littafin zai yi magana. Galibi za a tarar mafi yawan ƙwallayen ta ƙofa ɗaya ko biyu suke shiga. Koci ya tattara atisayensa a kan waɗannan, ya bar sauran tukuna.

A kuma rubuta sunayen waɗanda suka buga. Nan ƙasar Kance, damina na ɗauke wasu zuwa gona, rani kuma ya ɗauke wasu zuwa Kano ko Aljeriya. In mai tsawatar wa ƴan baya ya tafi ci-rani a watan da aka sauya koci, to ba duka laifin ke wuyan koci ba. Finidi ma bai sami William Troost-Ekong ba, wanda aka zaɓa gwarzon gasar Kwaddibuwa, saboda raunin da ya ji.

Sabon koci ya fara da tambaya

Malam koci, kafin ka koyar da komai, ka zaunar da gola, kyaftin da ƴan bayan tsakiya. Ka tambaye su: a da ina kuke tsayar da layi? Wa ke ba da umarnin a fita ko a koma? A bugun kwana kowa mutum yake riƙewa, ko wuri yake tsarewa? Ba zubar da girma ba ne. Abin da ka ga yana aiki ka bar shi. Wanda kake son sauyawa ka bi shi ɗaya bayan ɗaya, kada ka taɓa na biyu sai na farko ya zauna. Mai sauya tsari da matsayin ƴan wasa da salon riƙe mutum duk a mako guda, ko an ci shi ba zai san wanne ne ya jawo ba.

A auna gudu kafin a tura layi gaba

Kuskuren da ya fi yawa ga sabon koci shi ne tura ƴan baya har kusa da tsakiyar fili don ya ga ana yi a Turai. André Villas-Boas ya yi haka a Chelsea a 2011 da John Terry, gwani a tsayuwa da bugun kai amma ba mai gudu ba. Ranar 29 ga Oktoba Arsenal ta zo har Stamford Bridge ta zura musu biyar. An sallame shi a Maris 2012, Roberto Di Matteo ya mayar da layin baya, kuma da waɗannan ƴan wasan ya ɗauki kofin zakarun Turai a watan Mayu.

Gwajin ba shi da wuya. A ja layi, a jera lamba huɗu da lamba biyar da ɗan gaban da ya fi kowa gudu, su yi tseren mita 30. In ya bar su da taku uku ko fiye, to layin ya zauna ƙasa, kusa da yadi na 18.

Sai ƙa'ida ɗaya da kowane ɗan baya zai haddace. In abokin hamayya na riƙe da ƙwallo, kansa a ɗage, babu mai matsa masa, a ja da baya. In an matsa masa, ko ya juya baya, ko ya mayar da ƙwallo gida, a taka gaba tare. Mutum ɗaya ne zai riƙa faɗin "fita" ko "koma", ko gola ko lamba biyar. Muryoyi biyu na nufin rabin layi ya fita, rabi ya tsaya.

Tarkon satar gida kuwa a yi hattara da shi. A wasan unguwa da yawa alƙali shi kaɗai ne, babu masu tuta a gefe, kuma yana nesa da layin. Ɗaga hannu ba ya hana ƙwallo shiga. A tuna wa ƴan wasa cewa babu satar gida a jifa, ko bugun kwana, ko bugun gola daga gida, kuma wanda yake daidai da ɗan baya na ƙarshe bai yi sata ba.

A duba na gaba da na tsakiya

Wani lokaci ƴan baya ba su lalace ba, an bar su ne su kaɗai. Koci mai son kai hari sai ya ce lamba biyu da lamba uku su hau tare, lamba shida ma ya bi. Da an ƙwace ƙwallo, sai ka ga mutum biyu suna fuskantar uku a fili fetal. Dokar ita ce: in na dama ya hau, na hagu ya zauna. Kuma ko yaushe waɗanda suka rage a baya su fi ƴan gaban abokan hamayya da mutum ɗaya. In sun bar biyu, ku bar uku. Tazarar da ke tsakanin ƴan baya da ƴan tsakiya kada ta wuce taku 15.

Haka batun fara wasa daga gida da gajeren fasin. Tun 2019 doka ta yarda ɗan baya ya karɓi bugun gola a cikin yadi na 18, shi ya sa kowa ke kwaikwayo. Amma filin ciyawa daban, rairayi daban. A namu fili ƙwallo na iya maƙalewa a tsakiyar tafiya ko ta yi tsalle a kan tsakuwa. In littafi ya nuna ana ƙwace muku a gida, gola ya riƙa dokawa gaba ta gefen fili, inda ko an rasa ta ba a shiga uku ba.

Bugun kwana: kowa da aikinsa

Ƙwallo ta biyu da Benin ta ci Najeriya a wancan wasa na Abidjan, wadda Steve Mounié ya zura, daga kwana ta zo, ana dab da tafiya hutun rabin lokaci. Wannan ita ce ƙofar da ta fi saurin rufuwa. Kafin wasa a faɗa wa kowa aikinsa da suna: mutum ɗaya a jikin ƙarfen kusa, dogaye biyu su tsare gaban gola su doke duk abin da ya zo, sauran kowa ya riƙe mutum, ɗaya kuma ya tsaya bakin yadi na 18 don ƙwallon da ta dawo. In an yi canji, wanda ya shigo ya gaji aikin wanda ya fita, kyaftin ya tuna masa tun yana shigowa.

Atisayen igiya

A ware minti 20 a kowane atisaye. A samo igiya doguwa, a ƙulla ta kowane taku 10, ƴan baya huɗu kowa ya riƙe ƙulli ɗaya. Koci ya riƙe ƙwallo yana yawo da ita dama da hagu, gaba da baya, su kuma suna bi. Wanda ya yi jinkiri zai ji igiya ta fizgi hannunsa, wanda ya matse zai ga ta zube ƙasa. Bayan mako biyu a ajiye igiya, a sa su huɗun da gola su tare ƴan hari shida. Duk lokacin da aka ci su, a tsayar da wasa, kowa ya tsaya inda yake, su da kansu su nuna inda aka ɓalle.

Ku ƴan kwamiti

Kada ku ɗora wa koci wani mai ba da umarni a gefensa. Harouna Doula ne ya kai Mena gasar kofin Afirka karon farko, ta 2012, har CAF ta zaɓe shi gwarzon kocin Afirka na 2011. Aka haɗa shi da Rolland Courbis a matsayin mai ba da shawara, kuma bayan Gabon ta ci 2-0 a wasan farko sai ragama ta koma hannun Courbis ana tsakiyar gasa. Mena ta dawo gida ba ta da maki ko ɗaya. In shugaban ƙungiya yana da magana, ya kira koci gefe bayan wasa. Ihu daga bakin fili cewa "ku hau" alhali koci ya ce "ku zauna" rikita yara kawai yake yi.

Ku ba shi wasa shida, ku shirya masa na sada zumunta kafin gasar babban hutu ta kankama. Abin dubawa shi ne ko ƙofar da littafi ya nuna tana rufuwa, ko da sakamako bai gyaru ba tukuna. In irin ƙwallon nan ce dai ke ta shiga, shi kuma ya ƙi duba littafi, ya ƙi sauraron ƴan bayansa, to ku rabu cikin mutunci, ku biya shi haƙƙinsa. Wanda zai gaje shi kuma, kafin a yi maganar kuɗi, ku kai shi fili ya kalli atisaye, sannan ya nuna muku da ƙafarsa inda zai tsayar da layin baya da waɗannan yaran da kuke da su.