Inda Man Fetur Ke Zuwa Idan Ya Tsiyaye Cikin Ƙasa

Masu gidajen mai da makanikai a Kafanchan da sauran garuruwan kudancin Jihar Kaduna sukan ɗauka cewa man da ya zube ya bushe, ya tafi ke nan. To, ba haka abin yake ba. Fetur da kananzir da tinar fenti na ɗauke da sinadarai masu saurin zama tururi, irin su benzin, waɗanda kan rabu gida uku idan sun shiga ƙasa.

Kashi na farko yakan bi iska, musamman a zafin bazara. Da yake tururin fetur ya fi iska nauyi, yakan taru a ramuka da magudanan ruwa, inda tartsatsi ɗaya zai iya ta da gobara.

Kashi na biyu yakan manne wa ƙasa. Baƙar ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye, irin ta gonakin citta, takan riƙe shi, amma yashi yakan bar shi ya zarce.

Kashi na uku shi ne mafi haɗari. Man da ya isa ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan kwanta a samansa, benzin kuwa ya riƙa narkewa a hankali. A yankin da damina ke kaiwa daga Afrilu zuwa Oktoba, ruwan yakan taso ya wanke abin da ƙasa ta riƙe, ya kai shi rijiyoyin maƙwabta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada benzin, mai haddasa sankarar jini, ya wuce maikirogiram 10 a litar ruwan sha. Ke nan giram ɗaya kacal ya isa ya kai lita 100,000 wannan iyaka. A ƙasar Ogoni ta Jihar Ribas, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya gano rijiyoyin da benzin ɗinsu ya ninka ƙa'idar fiye da sau 900.

Saboda haka wajibi ne mai gidan mai ya auna tankinsa kullum, ya gwada da littafin ciniki, domin giɓin da ke maimaituwa alamar yoyo ce. A daɓe filin aiki da siminti, a kuma gwada ruwan rijiya kafin a sayi tsohon gareji. Gyaran tanki ya fi biyan diyya araha.