Majinyaci Yana Jinmu

A 1 Sama'ila sura 16 mun karanta yadda Dauda yakan kaɗa wa Sarki Saul garaya har ya sami sauƙi. Ta kunne maganin ya shiga. Sauti girgizar iska ce: takan bugi dodon kunne, ƙananan ƙasusuwa 3 su miƙa ta ciki, jijiya ta kai saƙon ƙwaƙwalwa. A shekarar 2020 masu bincike a Kanada sun gano cewa ƙwaƙwalwar wasu da ke bakin mutuwa tana amsa sauti, ko da bakinsu ya rufe. Mu kuwa mukan tsaya kansu muna gardamar kuɗin asibiti! In mun je dubiya, mu kira majinyaci da sunansa, mu yi Rosari a hankali, mu rera waƙar da ya saba ji a coci.