Gyaran Tsohon Jirgin Faiba

Ƙasar Arewa ba ƙasar kogi ba ce. Daga Dogon Dutsi har Tibiri, ruwan da muke gani a fili na tabkuna ne, waɗanda damina ke cikawa a kwarin Dallol Mawri. Amma kada a ce zancen jirgi bai shafe mu ba. Duk inda tabki ke riƙe ruwa har tsakiyar rani, aka kuma zuba masa kifi, masunta na bukatar abin shiga. Fatakenmu masu zuwa Gaya kuwa sun san ƙetare kogin Isa cikin kwalekwale, tun da aka rufe gadar Malanville bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023.

Yanzu itacen sassaƙa jirgi ya yi wuya, ma'aikatan gandun daji kuma ba su yarda a sare babban itace ba izini. Shi ya sa ƙungiyar masunta kan iya samun kanta da jirgin faiba na hannu. Ita faiba zaren gilashi ce da ake shimfiɗawa kamar ƙyalle, a jiƙa ta da wani danƙo mai suna rezin, su daskare tare. A Amurka aka fara yin ta, inda aka kafa kamfanin Owens Corning a 1938. Gara ba ta cin ta, ba ta tsatsa, ba ta ruɓewa. Wannan ne ke ruɗin mutane, har su zaci jirgin ba ya son kulawa.

To, ku sani, a ƙasarmu rana ta fi ruwa cutar da shi. In tabki ya ƙafe aka bar jirgi a fili daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, fatarsa ta waje mai sheƙi sai ta koma gari-gari, ta tsattsage. Damina na zuwa, ruwa ya bi tsagar ya shiga tsakanin zaren.

Kafin a kashe ko dala, a duba ko jirgin ya cancanci gyara. A wanke shi, a kife shi kan gungume, a bi jikinsa ana ƙwanƙwasawa da ƙwandala. Wuri mai lafiya amonsa tsaf yake. Inda aka ji luɓus, faiba ta rabu da juna a ciki. A duba allon baya musamman, inda ake ɗaura inji, domin sau da yawa katako ne a cikinsa aka lulluɓe. In ya ruɓe, dole a fidda shi duka a sa sabo. Jirgin da gindinsa ke lotsawa ko'ina in an taka, a haƙura da shi.

Babban kuskuren da ake yi shi ne faci na gaggawa. Mutum ya ga huji, ya manna faiba a kai tun jikin na da laima da mai. Ido zai ga ya toshe, amma bai kama ba, kuma ranar da aka yi lodi aka kai tsakiyar ruwa zai ɓare. A ganina huji a bayyane ya fi irin wannan faci sauƙin haɗari, don mai jirgi ya san da shi.

Gyaran gaskiya da shanya yake farawa. A bar jirgin a inuwa makonni, iska na ratsa shi. Lokacin hunturu ya fi dacewa, saboda iskar a bushe take, zafi kuma bai kai ya hana aiki ba. Sa'an nan a yanke duk wurin da ya lalace, a gurje bakin ramin da samfefa ya yi gangare, faɗinsa ninki 12 na kaurin jikin. Wato in kaurin milimita 5 ne, a gurje santimita 6 kewaye. A goge ƙura, a share da asiton, kada a sake taɓawa da hannu.

Sai haɗa danƙo. Rezin na foliyesta ba ya daskarewa sai an ɗiga masa maganinsa, kashi 1 zuwa 2 cikin 100: lita ɗaya, mililita 10 zuwa 20. A auna da sirinji, ba da ido ba. In ana zafi a tsaya kan 10, a kuma dama kaɗan-kaɗan, don in ya yi yawa cikin gwangwani zai ɗauki zafi ya sandare kafin a gama shafawa. A yanka faiba girma-girma, a shimfiɗa ɗaya bisa ɗaya, kowace a jiƙa ta da burushi ana dannawa har farinta ya ɓace. Farin da ya rage iska ce ta maƙale, nan ne kuma ruwa zai sake shiga. Akwai wani danƙon, efoksi, ya fi kama tsohon jiki amma ya fi tsada. Wanda ya fara da shi kada ya ɗora foliyesta a kansa, ba ya riƙewa da kyau. Bayan facin ya bushe sarai a gurje, a shafa fenti mai haske.

Mai aikin ya tsare kansa. Ƙurar faiba na sa ƙaiƙayi, tana cutar da huhu, don haka a rufe hanci da ido, a sa safar hannu. Maganin daskarewar nan ɗigo ɗaya a ido na iya makantarwa. In ya faru a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta, a garzaya likita. Rezin da asiton duk suna kama wuta, a nisanta su daga murhu da mai shan taba da yara.

Ranar gwaji a sa jirgin a bakin tabki inda ruwa bai wuce gwiwa ba, a ɗora masa buhunan yashi daidai nauyin da zai riƙa ɗauka, a bar shi yini guda. In cikinsa ya tashi a bushe, a rubuta yawan mutanen da aka yarda ya ɗauka a jikinsa, Sarkin Ruwa ko shugaban ƙungiya ya tsaya a kai, a kuma nemi rigunan kariya. Ruwa na janyewa a fidda jirgin, a kife shi ƙarƙashin rumfar kara.