Kiwon Kifi a Tankin Tamfol: Muhimmancin Daidaita Ƙasa Kafin Kafa Tanki

Gabatarwa

Kiwon tarwaɗa a tankin tamfol ya karɓu a cikin gidaje, saboda ba ya buƙatar haƙa rami kuma ana iya kwance shi a canza masa wuri. Sai dai a unguwanni irin su Inkil, da ke kan hanyar Gombe a gabashin garin Bauchi, ƙasa ba shimfiɗaɗɗiya ba ce a ko'ina. Yankin Bauchi yana da duwatsu da tudu da gangare. Shi ya sa manoma kan tambaya: shin tanki zai iya rushewa idan an kafa shi a wurin da bai daidaita ba? Amsar ita ce, ƙwarai kuwa. Wannan darasi zai nuna maka dalili da kuma hanyar kariya.

Nauyin ruwan da ke cikin tankinka

Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Tanki mai tsawon mita 3 da faɗin mita 2, idan ruwa ya kai zurfin mita 1, yana ɗauke da lita 6,000. Wannan ya yi daidai da nauyin buhu 60 na masara mai kilo 100. Ruwan yana danna ƙasa, yana kuma tura bangon tanki ta kowane gefe, kuma turin yana ƙaruwa gwargwadon zurfi.

Idan ƙasa ta daidaita, bango mai faɗin mita 2 yana ɗaukar turi na kimanin kilo 1,000. To a ce gefe ɗaya ya fi ɗaya gangarawa da santimita 20, wato abin da bai kai tsayin bulo ɗaya ba. Fuskar ruwa ba ta karkata, saboda haka zurfi zai zama santimita 110 a gefen gangare da 90 a gefen tudu. Turin da ke kan bangon gangare zai tashi zuwa kilo 1,210, na bangon tudu kuma ya sauka zuwa 810.

Yadda tanki yake rushewa

Ƙafafun tanki, na katako ne ko na ƙarfe, an yi su ne don su tsaya a miƙe. A kan gangare sukan jingina zuwa gefen da ya fi nauyi. Ƙusoshi da waldi su fara saki, ɗinkin tamfol ya riƙa jan jiki. Ruwan da ake zubarwa lokacin canjin ruwa yana taruwa a wannan gefen, ya jiƙa ƙasa, ƙafafu su nutse. Duk nutsewar da suka yi tana ƙara karkata tankin, karkatar kuma tana ƙara nauyi a kansu. Wannan yakan tsananta a watan Agusta, lokacin da damina ta yi ƙarfi. Tanki kan yi watanni a tsaye sannan ya fashe cikin dare ɗaya, sau da yawa bayan kifi ya girma kuma kuɗin abinci sun riga sun shige. Ruwan da ya ɓalle yana iya ture yaro ko ya cinye gindin katangar ƙasa, taka ko ta maƙwabci.

Matakan shirya wuri

1. Zaɓi wuri mai ƙasa mai tauri. Guji tsohuwar bola, da bakin shadda ko rijiya, da hanyar ruwan sama.
2. Share ciyawa, saiwoyi da duwatsu masu tsini.
3. Kafa turaku a kusurwoyi huɗu. Cika siririn tiyo wanda ake ganin cikinsa da ruwa, kamar yadda magina suke yi, ka sa alama a kan kowane turke daidai inda ruwan ya tsaya. Auna daga alamar zuwa ƙasa a kowace kusurwa. Kada bambancin ya wuce santimita 2 zuwa 3.
4. Sare gefen tudu har ya zo daidai da gefen gangare. Kada ka cike gangare da sabuwar ƙasa, domin za ta zauna idan ta ji nauyi da ruwa.
5. Daɓe wurin sosai, ka shimfiɗa yashi mai laushi kaɗan. Idan da hali, daɓen siminti ya fi.
6. Ɗora kowace ƙafa a kan faffaɗan katako ko falalen siminti da aka binne daidai da fuskar ƙasa. Kada ka yi wa ƙafa ɗaya ciko da dutse ko bulo.
7. Haƙa magudana da za ta kai ruwan canji nesa da ƙafafun tanki.

Gwaji kafin zuba 'ya'yan kifi

Zuba ruwa kamar santimita 5 kawai, ka auna zurfinsa a kusurwoyi huɗu. Idan ya taru a gefe ɗaya, kwashe shi ka gyara ƙasa. Idan ya daidaita, ci gaba da cikawa a hankali, ka bar tankin cike na 'yan kwanaki kana lura da shi.

Idan tankin ya riga ya karkata

Alamomin su ne: ruwa ya fi kusa da baki a gefe ɗaya, bango ya yi ciki, ƙafa ta lanƙwashe ko ta nutse. Nan take rage ruwan, ka hana yara zuwa wurin, ka mayar da kifin wani mazubi. Kada ka yi ƙoƙarin ɗaga tanki ko tokare shi alhali yana cike.

Kammalawa

Malamin gona ya duba ƙasa tare da manomi kafin a sayi tamfol. Aikin daidaita wuri na yini ɗaya ne ko biyu, kiwon tarwaɗa kuwa na wata huɗu zuwa shida. Rigakafi ya fi magani. Don ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona na yankinka ko ofishin Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Jihar Bauchi.